Gaisuwar Da Ke Cikin Taragon Kwal

Ni na karanta sanarwar rasuwar Kawu a rediyo, bayan labaran rana. Abokin aikina ya ce in bari ya karɓe ni, na ce a'a. Kawu ne ya koya mini cewa ba a kuka a gaban makirfo, domin kuka yana toshe hanci, mai sauraro kuma sai ya kasa jin unguwar da za a yi jana'iza. Na faɗi sunansa, na ce tsohon injiniyan sauti ne a wannan gida, na ce za a yi masa salla bayan la'asar a Ƙofar Guga. Na maimaita unguwar. Sannan na kashe makirfo, na ɗauki hulata.

Ƙanen mahaifiyata ne. A gidansa na tashi, matarsa da muke kira Inna ita ta goye ni, shi kuma ya kai ni gidan rediyo.

A zaman makoki na lura mutane suna neman abin da za su ce a kansa suna rasawa. Bai yi kasuwanci ba, bai riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa takara ba. Abu ɗaya gari ya san shi da shi: a ɗakin da ke bayan zaurensa akwai ɗan jirgin ƙasa da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, yana zagaya bisa wani faffaɗan tebur. Wani dattijon maƙwabci ya shafa fatiha ya ce, "Mutumin kirki ne, bai shiga sabgar kowa. Sai dai wasan nan nashi." Na kusa da shi ya ce, "Gara shi, Alhaji. Wasu da mutane suke nasu wasan." Wasu magidanta da furfura ta fara kama gemunsu suka ce a ɗakin nan suka fara ganin jirgin ƙasa, tun kafin su ga na gaske a Funtua ko Kano. Kansilan da aka zaɓa mana ya zo da tawagarsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ƙare da cewa da Allah ya ƙara wa marigayi kwana kaɗan da ya hau jirgin gaske daga Katsina, domin gwamnati na nan tafe da shi. An miƙa masa ruwa.

A can bakin tabarma, hularsa a hannu, aminin Kawu yake zaune. Mutumin Kafanchan ne, Kirista, tsohon mai zuba kwal a jirgin ƙasa, wanda ya biyo 'yarsa malamar asibiti suka zauna a Kambarawa. Baba Mai Kwal muke ce masa. Shi kaɗai, sai ni, muka san cewa shekarun Kawu na ƙarshe ba a wasa suka tafi ba. Sun tafi ne a kan wani tsohon tef da yake ruɓewa, da kunnuwa biyu da suke mutuwa, da tambayar abin da za a ceto kafin ɗayansu ya ƙare.

Birnin Katsina bai taɓa ganin layin dogo ba. Na karanta alkawarin kawo shi a zamanin soja, na sake karanta shi da farar hula suka dawo, da kalmomi kusan iri ɗaya, har na daina duba takardar in na zo wurin. In na koma gida Kawu yakan ce, "Na ga bakinka ya sake kawo mana jirgi. Duk Katsina ni kaɗai na yi alkawarin jirgi na cika."

Yana matashi aka tura shi kwas Ingila. Abokan tafiyarsa suka dawo da kwat da agogo, shi ya dawo da kwali cike da ƙananan layuka da taragai da kan jirgi mai bututun hayaƙi. Ya kankare koren fentin da ya zo da shi, ya shafa baƙi, don ya yi kama da wanda surukinsa yake tuƙawa. Mahaifin Inna direban jirgin kwal ne a layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, mazauninsa Funtua. Inna ba ta ga abin burgewa a ciki ba. Ɗakin nan ita ta so ta sa baƙi a ciki, kuma tun ranar da tebur ya shiga, ƙafarta ba ta sake taka shi ba. In abinci ya nuna sai ta tsaya a tsakar gida ta ce, "A gaya wa sitashamasta tuwo na hucewa."

A wurin aiki, Kawu mutumin reza ne. A zamanin ana ɗaukar magana a kan tef mai naɗi, in za a gyara sai a sa alama da fensir mai maiƙo, a yanke da reza, a haɗa da ɗan salatif. Yana yanke tari, yana yanke inda-inda, yana yanke kukan akuyar da ta shigo hira ba a gayyace ta ba. Abin da yake fara yankewa kuwa muryarsa ce, wato "gwaji, gwaji" da yake yi a farkon kowane tef. Yakan ce injiniya nagari ba a jin sa. In an ji shi, to ya yi kuskure. Ni ma ban tsira ba. Ranar da na ce "ya tahi" a ɗakin ɗaukar shiri, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ɗaga mini reza ya ce, "Wannan na gida ne. Ka bar shi a Ƙofar Guga, ka ɗauka in ka dawo."

Yana da wani alheri da ba a ambata a makoki ba, domin waɗanda ya yi wa ba su san juna ba. In wani da aka taɓa hira da shi ya rasu, manomi ne ko makaɗi ko ungozoma, Kawu yakan shiga ɗakin ajiya ya nemo tef ɗin, ya juye a kaset, ya hau babur ya kai gidan bayan sadakar bakwai. Ba ya zama. Ya miƙa, ya ce, "Ga muryar mai gidan nan," ya juya.

Aikin nan shi ya ci masa kunnuwa. Shekarun da ya yi da na'ura a kunne sun fara ɗauke masa siririn sauti, sannan maganar mata, sannan ta kowa. Lokacin da soja suka koma bariki ya riga ya yi ritaya, kuma sai ka dube shi ido da ido yake gane abin da kake faɗa.

A waɗannan shekarun ne babban ɗansa, da yake karatu a Turai, ya aiko masa da wani ɗan allon lantarki mai faɗin farcen babban yatsa, da lasifika kamar kwabo, da akwatin maɓallai. Kawu ya sa wa allon suna ƙwaƙwalwa. A tsohon tsari, taransifoma ɗaya ke ba layi wuta. In ka murɗa, duk jirgin da ke kan layi sai ya tashi, in ka mayar, duk su tsaya. A sabon tsari kowane kan jirgi yana da lambarsa, umarninsa kaɗai yake ji, kuma yana iya kunna fitila, ya yi huci, ya yi kuka. Kawu ya yi wa Baba Mai Kwal bayani da harshen zamani: "Na da mulkin soja ne, hannu ɗaya a kan murɗi. Wanga farar hula ne, kowa da lambarshi, kowa da bakinshi."

"To ina za su, Injiniya?"

"Inda suka saba. Su zagayo su dawo."

Aikin ba ƙarami ba ne ga mai rawar hannu. Sai da ya raba injin da ƙarfen jikin jirgin don kada wuta ta haɗu, ya huda ƙasan taragon kwal don sauti ya sami mafita, ya yi wa lasifikar gida da murfin kwalbar magani don muryarta ta yi kauri. Ƙwaƙwalwar farko ba ta yi mako ba aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone. Bai zagi kowa ba. Ya shinshina ta, ya jefa a gwangwani, ya sayi sitabilaiza, ya jira ta biyu har damina ta wuce.

Da ta biyu ta zauna, jirgin ya yi kuka a karon farko. Kawu bai ji ba, fuskar amininsa ya duba. Baba Mai Kwal ya yamutsa baki ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Wannan kukan jirgin ƙasar sanyi ne. Namu in ya yi kuka a Funtua, matan direbobi kowace ta san ko mijinta ne, ta ɗora tukunya."

Ranar ce Kawu ya ciro tef ɗin.

Ya ɗauke shi ne a tashar Funtua, ana gab da miƙa mulki ga farar hula a wancan karon, lokacin da ake janye jiragen kwal ana kawo na dizal. Shirin ban kwana da su aka shirya, amma jawaban 'yan takara suka cinye lokacin, ba a taɓa watsa shi ba. Surukinsa ne a kan tuƙi ranar, Baba Mai Kwal ne a kan shebur. A tef ɗin akwai huci, akwai shebur yana kartar kwal, akwai ƙarar birki, akwai kukan da tsohon direban yake sa jirgin ya yi, dogo ɗaya da ɗan karkarwa a ƙarshe. Bayan kukan kuma akwai magana. Tsohon ba ya yi wa Kawu magana kai tsaye saboda surukuta, ba ya kuma faɗin sunan Inna, domin 'yar fari ce. Don haka ya juya ga mai shebur, ya nuna Kawu da na'urar ɗaukar sautinsa, ya ɗaga murya yadda makirfo zai kama, ya ce, "Ka hwaɗa ma mai injin nan, in ya tahi gida, ya ce ina gaida mutanen gidan." Kawu ya isar da gaisuwar kamar yadda ake isar da kowace gaisuwa. Tsohon bai sake ganin 'yarsa ba. Ya rasu bayan an ajiye jirginsa da kaɗan.

Matsala biyu ce. Tef ɗin ya tsufa, duk sa'ad da aka kunna shi sai jan gari ya zube a kan na'ura, wato sautin ne da kansa yake zubewa. Ƙwaƙwalwar kuma cikinta ƙarami ne, 'yan daƙiƙoƙi kawai take ɗauka. Dole a zaɓa.

Kawu ya zaɓi huci, da shebur, da birki, da kuka. Baba Mai Kwal ya ce, "Maganar tsoho fa?"

"Jirgi bai magana."

"Wannan ya yi. Ina wurin."

"Surutu ne, Mai Kwal. Ni sauti mai tsabta nike so."

"Tsabta! Kai ka wanke abu har ya mutu, ka ce ka gyara shi. Mutum ya aiko gaisuwa ga 'yarsa, kai kana auna shi da kukan akuya."

Kawu ya kawar da kai. Wannan ita ce hanyarsa ta kashe magana tun da ya kurumce: in bai dube ka ba, ba ka ce komai ba. Baba Mai Kwal ya sa hularsa ya fita. Azumi ya zo ya wuce, abincin salla ya tafi Kambarawa kamar kullum, kwanukan suka dawo da cincin a ciki kamar kullum, amma mutanen biyu ba su haɗu ba. Ni na gaji da kai saƙon da ba a aiko ni da shi ba.

Abin da ya karya Kawu ba magana ba ce. Wata rana da hantsi ya kunna tef ɗin a tsohuwar na'urar da ya saya a gwanjo, ya ƙure sauti don ya ji ko da girgizar ce a teburi. Muryar tsohon ta fita har tsakar gida. Inna tana tsintar shinkafa a inuwar darbejiya. Ba ta ɗaga kai ba. Amma washegari kujerarta ta koma gindin tagar ɗakin jirgi, inda rana take duka a daidai wannan lokaci, inda ban taɓa ganin ta zauna ba tun ina yaro. Ta zauna can da farantinta, zufa na zuba. Haka ta yi a rana ta gaba ma. Kunnen Kawu ya mutu amma idonsa bai mutu ba.

Ya ce in ɗauko masa Mai Kwal a mota. Da suka zauna, ba gaisuwar kirki, ya ce, "Shebur ɗinka zai hita. Da birki."

Baba Mai Kwal ya ce, "Dama shebur ɗin ya gaji. Ya fi ni gajiya."

Muka kai tef ɗin ofishinmu ranar Asabar, lokacin da janareta ke aiki, don a juye shi a kwamfuta. Kunnawa ɗaya ta rage masa, kowa ya ga haka. Ina kallon zaren yana wucewa, sai na ga sabon salatif a wuri biyu, ɗaya a farko, ɗaya daidai bayan gaisuwar tsohon. Na taɓa kafaɗarsa ya dube ni, na ce, "Kawu, me ka cire?" Ya ce, "Surutu." A hanyar gida Baba Mai Kwal ya gaya mini. Na farkon, Kawu ne yake faɗin sunan tasha. Na biyun, Kawun ne dai yake amsa wa tsohon, ta bakin mai shebur shi ma, cewa za su ji, Allah ya kiyaye hanya. Na tambayi inda guntayen suke. An share ɗakin tun jiya.

Sauran aikin da ido ya yi shi. Ya koyi karanta zanen sauti a fuskar kwamfuta, tudu da kwari, har yana iya nuna inda kukan ya ƙare da inda tsohon ya ja numfashi. Daidaita huci da juyin ƙafafun jirgi kuwa Baba Mai Kwal ya bar wa, shi yana ƙirgawa da kunne yana ɗaga yatsa, Kawu yana danna maɓalli. Wayoyin ƙwaƙwalwar siraran gaske ne, hannunsa kuma yana rawa. Na ce ya ba ni ƙarfen narka dalmar in riƙe masa. Ya ce, "Kai aikinka baki." Ya dafe wuyan hannun dama da na hagu, ya sa gilashin ƙara girma, ya yi ta yi waya ɗaya a wuni, wata rana ba ko ɗaya saboda babu wuta.

Ranar da ya gama, ya ɗaga taragon kwal da wayoyinsa, ya manna shi a ƙashin haɓarsa, ya ce in danna. Ya rufe ido. Da maganar ta ƙare ya ce, "Ya yi magana?" Na ce ya yi. Ya ce, "Ba tari, ba ƙara?" Na ce babu. Ya ajiye shi a layi.

Ya fita tsakar gida da kansa ya ce wa Inna, "Akwai saƙo gare ki a tasha." Ta ce, "Sai na ƙare aiki." Aikin bai ƙare ba ranar, bai ƙare ba washegari. Na gane daga baya ba za ta iya tsayawa gaban mijinta da ɗan da ta goya ta saurari mahaifinta ba. Shi ya riga ni ganewa, bai sake yi mata maganar ba. Ya dai liƙa ɗan jan salatif a kan maɓallin, ya bar ƙofar ɗakin ba kwaɗo, abin da bai taɓa yi ba. Ko ta shiga, wuta ba ta cika samuwa a lokacin da gida yake zama ba kowa. Zazzaɓin da ya kwantar da shi bai yi mako biyu ba ya tafi da shi.

Bayan sadakar arba'in, Inna tana cikin takaba, ta aiko in zo da safe. Na same ta a ƙofar ɗakin jirgi da farin mayafi. Ta ce, "Kunna mani abin nan, ka hita." Babu wuta. Na ce in nemo janareta a maƙwabta, ta ce a'a, ƙararsa za ta rufe komai. Muka zauna, ita a ciki bisa kujerar Kawu, ni a bakin ƙofa. Muka yi azahar. Ta duba taragai ɗaya bayan ɗaya, ta goge ƙurar rufin ɗan gidan tasha da bakin mayafi, ta ce, "Ashe har da famfo ya yi masu." Ana kiran la'asar fanka ta motsa.

Na kunna, na nuna mata jan maɓallin, na tashi zan fita. Ta ce, "Zauna. Ai yanzu ba sauran wanda zan ji kunya."

Jirgin ya ja huci, ya bar tasha a hankali, ya yi kukan nan dogo mai karkarwa a ƙarshe. Ta danna. Daga cikin taragon kwal, ƙarama amma tas, muryar ta ce in mai injin nan ya tahi gida, ya ce ana gaida mutanen gidan.

Inna ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna a kan kujera, ta ce, "Muna amsawa, Baba. Ya hanya?"

Jirgin ya zagaya bayan tudun kwali ya dawo. Ta jira. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "To shi fa? Mi ya ce ma Baba?"

Na ce ya ce za ku ji, Allah ya kiyaye hanya.

"Wane maɓalli ne nashi?"

Na yi shekaru ina aiki a gidan da yake cike da muryoyin da Kawu ya adana. Na riga na duba ɗakin ajiya tun makon rasuwarsa, tef bayan tef, har na gaji. Kowanne yana farawa daidai inda ya kamata, da ɗan salatif a bakinsa.

Na ce, "Inna, ya yanke."

Ta daɗe tana kallon jirgin yana zagaya. Ta ce, "Halinshi ke nan." Ta ɗaga hannuwa, na ɗaga nawa. Ta ce Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da jinsa a inda ya tafi, ya sa muryar da zai fara ji ta rahama ce. Na ce amin. Muna shafawa aka ɗauke wuta, jirgin ya tsaya kafin ya kai tasha, ita kuma ta miƙa hannu ta tura shi a hankali har ya ƙarasa.